An ce himofiliya ciwon maza ne, to 'yata fa?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai yara biyu, mace 'yar shekara 12 da namiji ɗan shekara 4, ga kuma ciki wata biyar. Tun yaron yana rarrafe muke ganin tabon kwanciyar jini a jikinsa, daga baya gwiwarsa ta riƙa kumbura ko bai faɗi ba. Bana aka yi gwaji aka ce himofiliya ce nau'in A, wato jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata. Da likita ya tambayi tarihin danginmu, na gaya masa kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya rasu yana saurayi bayan an cire masa haƙori jini ya ƙi tsayawa. Tun da maganar ta kai kunnen uwar mijina take cewa ni na kawo musu ciwo cikin zuri'a. Mijina bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma ya rage hira, abin da yake maimaitawa kawai shi ne Allah ya sa mace zan haifa, tunda an ce ciwon ba ya kama mata. Da gaske ne cututtuka suna bambanta maza da mata? Laifina ne? 'Yata ta tsira ke nan? Ban sani ba ko yana da alaƙa, amma ni tun ina budurwa al'adata takan kai kwana tara ko goma, kuma a haihuwar fari sai da aka ƙara mini jini.

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya.

Maganar surukarki ce ta fi ci miki rai, wannan a fili yake, kuma za mu zo kanta. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda kika jefa a ƙarshe kamar ba komai ba: al'adar kwana tara ko goma, da ƙarin jinin da aka yi miki. Macen da ke da irin wannan tarihi, ɗanta na da himofiliya, kuma saura wata huɗu ta shiga ɗakin haihuwa, ita ma tana buƙatar likitan jini. Duk idanun gidan sun koma kan yaron, ni kuwa so nake a waiwayo gare ki da 'yarki. Kafin ki ga dalilina, sai mun bi ta hanyar da abin yake gadowa.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, a jere biyu-biyu har sau 23, rabi daga uwa rabi daga uba. A kansu ƙwayoyin gado suke, wato umarnin da jiki yake bi wajen ƙera duk abin da yake buƙata. Jeri 22 na farko iri ɗaya ne ga namiji da mace. A na ƙarshe aka rabu: mace X biyu gare ta, namiji kuwa X ɗaya da Y ɗaya. X babba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 800, kuma yawancinsu ba ruwansu da zama mace ko namiji, aikinsu ya shafi jini da tsoka da gani da ƙwaƙwalwa. Y ɗan ƙarami ne, babban aikinsa shi ne ya juya ɗan tayi ya zama namiji.

Umarnin haɗa sinadarin da ɗanki ya rasa, wanda likitoci ke kira sinadarin daskarewa na 8, a kan X yake. Mace kamar mai kwafi biyu ce na takarda ɗaya, in tawada ta ɓata wannan sai ta karanta wancan. Ɗanki kwafi ɗaya gare shi, da ya zo da kuskure babu inda jikinsa zai duba. Shi ya sa himofiliya mai tsanani kusan duk a maza ake ganinta. Nau'in A yana samun kimanin yaro 1 cikin maza 5,000 da ake haifa. Nau'in B, wanda sinadari na 9 ne yake ƙaranci a cikinsa, ya fi wannan wuyar samu nesa ba kusa ba.

X ɗin ɗa namiji kuwa daga uwa yake zuwa, ko da yaushe. Uba Y yake ba ɗansa, da X ya bayar da mace za a haifa. Don haka ba zan ɓoye miki ba: tunda ɗanki na da shi, kuma kawunki ya tafi ta irin wannan hanya, kusan tabbas kina ɗauke da wannan ƙwayar gado. Kin karɓa daga mahaifiyarki, ita ma ta karɓa daga tata. A kan hanyar da abin ya biyo, surukarki ba ta yi ƙarya ba. Inda ta kauce shi ne da ta mai da shi laifi. Laifi na wanda ya sani ne kuma ya zaɓa. Ke ba ki zaɓi wane X ne zai shiga ƙwan da aka halicci yaron daga gare shi ba, kamar yadda mijinki bai zaɓi ya ba shi Y ba, alhali da X ɗinsa mai lafiya ya bayar da ya toshe giɓin. Kowane ɗan Adam, har da dangin mijinki, yana yawo da wasu ƙwayoyin gado masu matsala da suka yi lamo domin ba su gamu da abin da zai fito da su ba. Ga shi kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu himofiliya babu tarihinta ko kaɗan a danginsu, canjin a kansu ko a kan iyayensu mata ya fara.

Ciwon bai san gidan talaka ko na sarki ba. Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da shi. Ɗanta Leopold ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya zame ya faɗi a Faransa, 'ya'yanta mata biyu, Alice da Beatrice, suka shigar da ƙwayar gidajen sarautar Jamus da Rasha da Sifen. Alexei, ɗan sarkin Rasha na ƙarshe, wanda aka haifa a 1904, ta wannan hanya ya gaje shi, kuma sakamakon gwajin ƙasusuwan iyalin da aka fitar a 2009 ya nuna nau'in B ne. Irin wannan tarihi, inda ake ganin maza suna kwanciya mata suna tsaye, shi ya kafa maganar nan a zukatan mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya, cewa mata ɗauka kawai suke yi. Maganar rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne ya shafe ki.

A 1961 wata masaniya 'yar Ingila mai suna Mary Lyon ta bayyana cewa jikin mace ba ya aiki da X biyun nan a tare. Tun tana ɗan tayi na 'yan kwanaki, kowace ƙwayar halitta takan rufe X ɗaya ta bar ɗaya, kuma ba a san wanda za ta rufe ba, yadda ta faɗa ne kawai. (Wannan ne ma dalilin da ya sa kyanwa mai dabbare-dabbaren baƙi da ruwan goro kusan kullum mace ce, domin launin gashin a kan X yake, wani wuri wannan ya yi aiki, wani wuri wancan.) A jikin yawancin matan da ke ɗauke da himofiliya rabon yakan zo kusan daidai, sai su samu kimanin rabin sinadarin, kuma rabin yakan wadatar. Amma a jikin wasu, X mai lafiyar ne aka fi rufewa. Irin waɗannan sinadarinsu yakan yi ƙasa sosai.

Ga yadda ake auna shi. Mai lafiya yakan samu tsakanin kashi 50 zuwa 150 cikin ɗari. Wanda bai kai kashi 1 ba ciwonsa mai tsanani ne, daga 1 zuwa 5 matsakaici, daga 5 zuwa 40 mai sauƙi. Mata masu ɗauke da ƙwayar ba kaɗan ba ne suke faɗawa ƙasa da 40, kuma tun 2021 ƙungiyar masana daskarewar jini ta duniya ta gyara tsarin sunayenta, ta ce macen da awonta ya gaza 40 a kira ta mai himofiliya kai tsaye, kamar yadda za a kira namiji mai wannan awon. Har waɗanda awonsu ya haura haka, wasu suna zubar da jini fiye da kima.

Abin da ke ɓoye wannan matsala shi ne gida. Yarinya ta fara al'ada tana kwana goma, ta gaya wa uwarta, uwar ta ce ai ni ma haka nake yi, kakarki ma haka take. Gaskiya suka faɗa, sai dai dukansu abu ɗaya ne yake damun su. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne wannan: al'adar da ta wuce kwana 7, ko wadda ke sa a canza ƙunzugu duk bayan awa biyu ko ƙasa da haka, ko mai fitar da manyan gudaje, ko mai barin mace da jiri da kasala da haki, ta wuce kima. In aka haɗa da yawan haɓo, da tabon kwanciyar jini ba tare da an bugu ba, da jinin da ke daɗewa bayan cire haƙori ko haihuwa, to akwai abin dubawa. Ke kin cika biyu daga ciki tun a wasiƙarki.

Saboda haka a wannan makon, ba sai ranar awon cikinki ta zagayo ba, ki gaya wa masu duba cikin nan abu uku a jere: ɗana na da himofiliya A, kawuna ya rasu da zubar jini, ni kuma an taɓa ƙara mini jini a haihuwa. Ki nemi a haɗa ki da likitan jini, a auna miki sinadari na 8, a duba ko kina da ƙarancin jini. Akwai tarko ɗaya da ya kamata ki sani. Ciki yana ɗaga sinadari na 8, don haka awon da za a yi miki yanzu zai iya fitowa lafiya lau, a ce miki babu komai. Bayan haihuwa da 'yan kwanaki sai ya sauka ya koma inda yake, kuma a lokacin ne jini kan ɓalle wa wasu matan, wani sa'in bayan an sallame su sun koma gida. Shi ya sa ake maimaita awon a watanni ukun ƙarshe na ciki, a shirya maganin tsai da jini irin su tiraneksamik asid tun kafin naƙuda, a kuma sake awo makonni bayan haihuwa don a san ainihin matsayinki. Awon nan ne kuma zai nuna ko za a iya yi miki allurar kashe zafi ta gadon baya. Ki haihu a asibitin da ke da ma'ajiyar jini, wannan kam babu ciniki a kai.

Shi kuma abin da ke cikinki, lissafinsa kashi huɗu ne daidai wa daida: namiji mai ciwon, namiji lafiyayye, mace mai ɗauke da ƙwayar, mace da ba ta ɗauke da komai. Kowane ciki da nasa lissafin, na baya ba ya rage wa na gaba kuma ba ya ƙara masa. Idan hoton ciki ya nuna namiji ne, damarsa rabi da rabi ce, sai a karɓi haihuwar kamar yana da ciwon har gwaji ya nuna akasin haka. Ma'anar wannan ita ce a guji na'urar da ake manna wa kan jariri a zuƙo shi da ƙarfen da ake kama kan a jawo, domin suna iya jawo zubar jini a cikin kai. A ɗebi jinin cibiya a auna tun a ɗakin haihuwa, a yi hattara da allurar cikin tsoka, kuma kada a yi masa kaciya ko wani yanka sai sakamako ya fito. Ko haihuwa da kanki ko tiyata, wannan ke da likitocinki za ku yanke bisa yadda cikin yake tafiya.

Yanzu 'yarki. Ita ma rabi da rabi ce: ko ta karɓi X ɗinki mai lafiya, ko ta karɓi ɗayan. Shekarunta 12, al'ada na bakin ƙofa in ma ba ta fara ba, don haka yanzu ne lokacin da ya dace a auna mata sinadarin. Gwaji biyu ne, kada a rikita miki su. Na farko yana nuna yawan sinadarin da ke jininta, shi ne na gaggawa, domin shi zai faɗa ko tana cikin haɗari in za a cire mata haƙori ko a yi mata tiyata. Na biyu yana duba ƙwayar gadon kanta, kuma shi kaɗai yake tabbatar da ko tana ɗauke da ita, saboda mace tana iya ɗauka awonta kuma ya fito daidai. Wannan na biyun yana iya jira har ta girma ta fahimci abin da ake nema, amma kada ta kai ga aure da ciki ba ta sani ba. Ki zauna da ita ki gaya mata yadda al'ada ta daidai take da yadda ta wuce kima take, ki kuma nuna mata cewa wannan ba abin jin kunyar faɗa miki ba ne. In ta zamo mai yawan jini akwai magani, babu dalilin da zai sa ta yi shekaru tana fama da kasala kamar yadda kika yi.

Kin tambaya ko cututtuka gaba ɗaya suna bambanta maza da mata. Suna bambantawa, amma ba ta hanya ɗaya ba, kuma ba kullum maza ne a ƙasa ba.

Himofiliya tana da 'yan'uwa a kan X. Rashin bambance ja da kore yana samun kusan namiji 1 cikin 12 a mutanen arewacin Turai, mata kuwa 1 cikin 200. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke sa jajayen ƙwayoyin jini su farfashe in an sha wasu magunguna, yana tare da mutane wajen miliyan 400 a duniya, kuma ya fi bayyana a maza. Ciwon lalacewar tsoka na Duchenne yara maza yake kwantarwa, amma iyayensu mata ana shawartar su da su riƙa duba zuciyarsu, domin ita ma tsoka ce kuma takan taɓu. Akwai kuma wanda ya juya: ciwon Rett, mai taɓa ƙwaƙwalwa, a kan X yake amma kusan duk 'yan mata ake gani da shi, saboda ɗa namijin da ya zo da shi abin yakan yi masa tsananin da ba kasafai yake daɗewa ba.

Yawancin cututtukan gado kuwa a kan sauran jeri 22 suke, inda mace da namiji damarsu ɗaya. Sikila a kan kuromosom na 11 take, sai uwa da uba kowa ya bayar kafin yaro ya zo da ita, kuma ba ta duba jinsi. Duk da haka yadda ake shan wahalarta ya bambanta: maza suna fama da miƙewar gaba mai zafi da ke ƙin kwanciya, mata kuma ciki ne babban gwajinsu. Ciwon taruwar sinadarin ƙarfe a jiki shi ma gadonsa ɗaya ne, amma ya fi saurin bayyana a maza, domin al'ada tana rage wa mata ƙarfen wata bayan wata har su manyanta. Wanda ya fi kusa da ke shi ne ciwon von Willebrand, wanda ya fi kowane ciwon zubar jini na gado yawa. Wani likita ɗan ƙasar Finlan ne ya bayyana shi a 1926, kuma yarinyar da ya fara gano shi a jikinta jinin al'ada ne ya zama ajalinta tana 'yar shekara goma sha. Maza da mata suna gadonsa daidai, amma mata ne jikinsu ke gwada shi duk wata. Ki roƙi likita ya haɗa da shi a gwajinki, domin babu abin da ya hana mutum ya haɗa biyun.

Kuskuren da ake yi a gidanku ana yin irinsa ta ɗaya ɓangaren. Ƙwayoyin gadon BRCA1 da BRCA2, masu ƙara haɗarin sankarar mama da ta ƙwan mace, ana iya gadonsu daga uba kamar yadda ake gado daga uwa, amma mata da yawa dangin uwa kawai suke lissafawa. Mazan da ke ɗauke da su kuwa suna cikin haɗarin sankarar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, har da ta mama, domin kimanin 1 cikin 100 na masu sankarar mama maza ne. Zaizayewar ƙashi ta fi yawa a matan da suka daina al'ada, sai aka wayi gari tsofaffin maza suna karyewa babu mai tunanin auna musu ƙashi.

In aka bar gado aka koma sauran cututtuka, bambancin yana nan. Garkuwar jikin mace ta fi ta namiji zafin nama, abin da ke taimakonta wajen yaƙar wasu ƙwayoyin cuta, amma kuma shi ne ke sa garkuwar ta fi saurin juyowa kanta. Kusan 4 cikin 5 na masu cututtukan da garkuwa ke afka wa jiki mata ne, a ciwon lufus ma 9 cikin 10. Mazan da aka haifa da ƙarin X, wato XXY, sun fi sauran maza kamuwa da lufus, abin da ke nuna cewa yawan X ɗin kansa yana da hannu. Tarin fuka ya fi yawa a maza, haka ciwon karkarwa na Parkinson, ciwon ɓarin kai kuma ya fi yawa a mata kusan ninki uku. Bugun zuciya yakan riga zuwa ga maza da shekaru, sai aka ɗauke shi ciwon maza, alhali ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe mata a duniya. Mace tana iya zuwa da haki da tashin zuciya da ciwon muƙamuƙi ko baya, a ba ta maganin gyambon ciki a sallame ta.

Wani ɓangare na wannan ba daga jiki yake ba, daga masu binciken ne. An daɗe ana gwada magunguna a jikin maza kawai a ɗora wa mata sakamakon. Sai a 1993 Amurka ta yi dokar da ta wajabta saka mata a gwaje-gwajen da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, kuma sai a 2013 hukumar magunguna ta ƙasar ta rage wa mata adadin maganin barci na zolfidem da rabi, bayan an gano yana daɗewa a jininsu har su wayi gari da shi. A ganina, duk lokacin da kika ji an ce wannan ciwon maza ne ko na mata ne, ki fahimce shi da cewa ya fi yawa a can, kada ki ɗauka an ce babu shi a nan.

Game da yaron ba zan tsawaita ba tunda yana hannun likitoci. Ƙaramin yanka a fata ba shi ne abin tsoro ba, jinin da ke zuba a cikin gwiwa da idon sawu da gwiwar hannu shi ne yake lalata gaɓa in ana bari yana maimaituwa. Duk buguwa a kai asibiti ce nan take, ko da yana wasansa. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, ke da 'yarki ma ku guje su har a san awonku, farasitamol ya wadatar. Ki tambayi likita game da allurar riga-kafin zubar jini da ake yi a kai a kai, da kuma emisizumab, wadda aka fara amincewa da ita a 2017, ana yinta a ƙarƙashin fata maimakon jijiya. Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963, tana da rassa a ƙasashe fiye da 140 kuma tana raba magani kyauta a wuraren da yake wuyar samu, don haka ki nemi reshen ƙasarku ki yi wa yaron rajista. Mai samun magani yana karatu, yana aiki, yana aure. Idan ya haihu da matar da ba ta ɗauke da ƙwayar, 'ya'yansa maza duk za su fita lafiya, matan kuma duk za su ɗauka.

Saura mijinki. Shirun nan nasa ni ban karanta shi a matsayin zargi ba. Mutumin da yake ta addu'ar a haifi mace tsoro ne ya cika shi, kuma ya riƙe abu ɗaya da aka gaya masa yana samun sauƙi da shi. Kada ki tare shi da gardama a kan mahaifiyarsa. Ki ce masa kina so ya raka ki wurin likitan jini saboda an ce haihuwar nan tana buƙatar shiri, ya ji lissafin nan na kashi huɗu da kunnensa, ya yi tambayoyinsa. Abin da ya ji daga bakin likita ya fi sauƙin kai wa mahaifiyarsa, kuma daga bakin ɗanta za ta fi karɓa. Ke kuma in ta sake tayar da maganar, ba sai kin kare kanki da dogon bayani ba. Ki ce mata, Mama, ta wajena ya biyo, ban san da shi ba, yanzu da muka sani magani muke nema. Ki tsaya a nan.

Akwai kuma waɗanda suke da haƙƙin jin wannan labari ko da faɗarsa da nauyi: yayyenki da ƙannenki mata, da 'yan'uwan mahaifiyarki mata, da 'ya'yansu. Kowace daga cikinsu tana iya ɗauke da ƙwayar, kuma wata ƙila tana da ciki yanzu haka ko tana da jariri namiji da ba a auna ba. Ki karɓi kwafin sakamakon ɗanki ki ba su, domin in aka san ainihin canjin da ke jikinsa, gwajin sauran dangi yakan zo da sauƙi.

Allah ya sauke ki lafiya.